Harbi Ɗaya Tak: Farautar Barewa Da Bindigar Ƙyastu A Amurka, Da Abin Da Ya Shafe Mu

Makiyayi da ke bakin rijiya, da ɗan kasuwa da ke jiran a ɗaga shinge a kan iyaka, yau zancenmu na bindiga ne, amma irin tsohuwar nan da ake ɗura wa albarushi ta baki. Ka dai san ta. A wani wuri a ce mata bindigar toka, a wani wuri baushe, masu barkwanci kuma su ce harba-ka-ruga, don in ka harba ba ka samu ba, to sauran aikin na ƙafa ne.

Abin da wataƙila ba ka taɓa ji ba shi ne, a Amurka, ƙasar da bindigar zamani ta cika kanti, akwai jihar da ta ware makonni a kowace shekara, domin masu harbin barewa da bindiga irin ta kakanni, wadda dutse ke tayar wa wuta. Kuma mutane dubbai ne ke biyan kuɗi su yanki takarda don su shiga. To me ya kai mai hali ajiye sabuwa ya ɗauki tsohuwa? Kuma ta yaya dajinsu ya cika da barewa alhali namu kullum sai ƙara yin shiru yake? Biyo mu ka ji.

Wace jiha, wace barewa?

Jihar ita ce Fensilbaniya, a arewa maso gabashin Amurka. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 119,000, wato ta ɗan ɗara jihar Tawa ta Nijar girma, mutanenta kuwa wajen miliyan 13 ne. Fiye da rabin ƙasar daji ne mai dogayen itatuwa da tuddai.

Dabbar da suke farauta muna ce mata barewa ne don ita ce mafi kusa da ita a cikin namun dajin da ka sani, amma dangi daban ce. Ta fi tamu girma ƙwarai; namiji babba yakan kai kilo 70 zuwa 90, wani ma ya zarce. Ƙasan wutsiyarta fari ne fat, in ta tsorata sai ta ɗaga ta sama tana gudu, 'yan'uwanta su gani su arce. Ƙahon namijin yana da rassa kamar itace, kuma abin mamaki, duk shekara sai ya zube a ƙarshen sanyi, wani sabo ya tsiro. Macen ba ta da ƙaho. Suna barbara a wajen watan Nuwamba, ciki ya yi kwana 200 ko kusa da haka, a haihu a ƙarshen Mayu zuwa Yuni, kuma tagwaye ba abin mamaki ba ne a wurinsu.

Riƙe wannan lissafin, don a kansa aka gina dokar farautarsu. Ba a buɗe harbi a lokacin haihuwa da shayarwa. Sai 'ya'yan sun yi ƙwari. Shi kuwa lokacin bindigar ƙyastu, shi ne kusan na ƙarshe: yana farawa ne bayan Kirsimeti, a ƙarshen Disamba, ya kai tsakiyar Janairu, daidai lokacin da sanyi ke daskarar da ruwa, ƙasa ta lulluɓe da dusar ƙanƙara. An fara shi ne a 1974, kwana uku kacal, a wasu keɓaɓɓun filaye, daga baya aka faɗaɗa shi ya game jihar.

Yadda dutse ke tayar da harsashi

In ka taɓa ganin tsoho yana ƙyasta wuta da dutse da ƙarfe, to ka riga ka gane rabin aikin wannan bindiga. Ƙyastu ne aka ɗaura a gefen bututu.

Ga yadda maharbin can ke ɗura ta. Da farko zai tsiyayo albarushi daga ƙahon sa, don har yau da yawansu a ƙaho suke zuba shi, ya auna a ɗan ma'auni, ya juye cikin bututu. Sai ya ɗora ɗan ƙyalle mai maiƙo a bakin bindigar, wasu da kitse suke shafa shi, ya aza dunƙulen dalma guda ɗaya a kai, ya tura su da sandar ɗuri har sai dalmar ta zauna daram a kan albarushi. Daga nan ya koma gefe. Akwai ɗan kasko ƙarami kamar cokali, sai ya barbaɗa masa albarushi mai laushi kaɗan, ya rufe da marfin ƙarfe wanda ke da fuska a tsaye. Gaban wannan fuskar akwai wani ƙarfe mai baki kamar na zakara, ya cije dutsen ƙyastu.

Da ya ja kunama, sai ƙarfen nan ya sari fuskar marfin da dutsen. Abu biyu ke faruwa a tare: tartsatsi ya zubo, marfin kuma ya buɗe. Albarushin kasko ya kama, wutar ta bi ta wata 'yar huda da ke jikin bututu, ta iske babban ɗurin, shi kuma ya tunkuɗo dalma waje. Ka ga ke nan matakan suna da yawa, kuma kowane ɗaya yana iya cin amana. Dutse ya dakushe, babu tartsatsi. Raɓa ta taɓa kasko, babu wuta. Huda ta toshe, kasko ya yi walƙiya a banza, bindiga ta yi shiru, barewa ta ɗaga farar wutsiya ta yi gaba.

Ko komai ya tafi daidai, akwai ɗan jinkiri tsakanin jan kunama da fitar harsashi, bai kai ƙiftawar ido ba, amma ya isa ya sa mai gaggawa ya motsa hannu. Ga kuma wuta na tashi dab da fuskarka. Shi ya sa suke cewa babban darasin wannan bindiga shi ne ka tsaya cak har hayaƙi ya turnuƙe. Sake ɗuri kuwa yakan ci kusan minti ɗaya ga mai farauta, balle yatsu sun ƙage da sanyi. Dabba ba ta jiran minti ɗaya. Don haka harbi ɗaya ne da kai, in ya tafi ya tafi.

Saboda damuwar laima, har wata 'yar rigar fata suke yi wa wurin kaskon, suna kiranta gwiwar saniya, don asali daga fatar gwiwar saniya ake yanko ta, da yake ta riga ta lanƙwashe daidai wurin. Malam makiyayi, ka ji inda dabbarka ta shiga: ƙaho nata, kitse nata, gwiwa ma tata.

Tasu da tamu: uwa ɗaya, hali daban

An kammala ƙirar wannan ƙyastu na bindiga ne a Faransa, a farkon shekarun 1600, kuma sunan da aka fi dangantawa da shi shi ne Marin le Bourgeoys. Ya yi mulkin fagen yaƙi da na farauta kimanin shekara 200. A 1807 wani limamin coci a Sikotland, Alexander Forsyth, ya yi rajistar wata dabara ta tayar da wuta ba da dutse ba. An ce abin da ya dame shi shi ne agwagin ruwa kan ga walƙiyar kasko su tashi kafin harbi ya iso. Daga dabararsa aka samo ɗan ƙoƙon nan mai fashewa da ake ɗora wa bindiga, wanda ya kori dutse a Turai.

A Fensilbaniya kuwa, maƙera Jamusawa da suka yi ƙaura zuwa yankin Lankasta a shekarun 1700 su ne suka fito da doguwar bindigar da jihar ke alfahari da ita, har ta ayyana ta a matsayin bindigar jiha a 2014. Bututunta ya kan wuce mita ɗaya. Sirrinta yana ciki: an sassaƙa wa cikin bututun layuka masu murɗewa. Ƙyallen nan mai maiƙo yana kama layukan, sai dalma ta fito tana juyawa kamar katantanwa, juyin nan kuwa shi ke sa ta tafi sak.

Wadda ta iso mana ba ta da waɗannan layuka, cikinta sumul yake. Ta bakin teku ta shigo, a hannun Turawa 'yan kasuwa, a zamanin cinikin bayi. Turawan Ingila sun laƙaba mata sunan mutanen Denmak, saboda 'yan kasuwar ƙasar da ke da ganuwa a Akra ta Gana, kafin su sayar wa Ingila wurarensu a 1850. Amma da yawan bindigogin a Bamingham ta Ingila da Liyej ta Beljiyam aka ƙera su. Duwatsun ƙyastu ma fatauci ake yi da su. Wani gari a Ingila mai suna Brandon ya daɗe yana fasa su yana aikowa Afirka, har cikin ƙarni na 20.

To me ya sa ita ta zauna a nan bayan duniya ta wuce ta? Doka ce. A 1890 ƙasashen Turai suka rattaba hannu a kan wata yarjejeniya a Burasels, wadda ta taƙaita sayar wa mutanen babban ɓangaren Afirka bindigogin zamani, amma ta bar ƙofa a buɗe ga bindigar ƙyastu marar layuka da albarushin kasuwa. Wato sun riƙe mai nisa, sun bar mana mai gajeren zango. Maƙeranmu suka koyi gyaranta, daga baya suka koyi ƙera ta. Yawancin na yanzu sun bar dutse sun koma ƙoƙo, amma ɗurin ta baki yana nan yadda yake.

Bambancin a daji shi ne: mai layuka a hannun gwani tana iya kayar da barewa daga mita 70, wani lokaci har 100, ko da yake galibinsu sun fi son ta matso wajen mita 50. Mai sumul ɗin ciki kuwa, da an wuce taku 40 zuwa 50, sai dai a yi ta addu'a.

Ranar fita

Kafin mutum ya taka daji a can, sai ya mallaki takardar izinin farauta, ya ƙara da wata ta musamman ta bindigar ɗuri. In sabon shiga ne, dole sai ya zauna ajin koyon ƙa'idojin farauta ya ci jarrabawa. Bindigar ma doka ta fayyace ta: mai ƙyastu, bututu ɗaya, faɗin bakinta kada ya gaza milimita 11, harsashi ɗaya a ɗuri, kuma an hana ɗaura mata madubin hange. Da idonka za ka auna.

Lokacin harbi daga rabin awa kafin fitowar rana ne zuwa rabin awa bayan faɗuwarta. Ba a farautar barewa da dare, ba a dallare ta da fitila a harbe, ba a sakar mata karnuka, ba a harbi daga cikin mota. Kuma ba a harbi a ƙasa da tazarar yadi 150, wato kusan mita 137, daga gidan da mutane ke ciki, sai da yardar masu gidan.

To da yake zangon gajere ne, duk gwanintar ta koma kan matsowa kusa. Barewar nan hancinta ya fi idonta, saboda haka maharbi kan fara da duba inda iska ta dosa, ya sa ta a fuskarsa. Wasu sukan sami gindin itace kusa da hanyar da dabbobin ke bi tsakanin makwanci da wurin kiwo, su zauna awa uku ko huɗu ba motsi, cikin sanyin da ke fasa leɓe. Wasu sukan yi tafiyar sanɗa, taku biyu su tsaya, su duba, su saurara. Wasu kuma sukan haɗu ƙungiya, rabi su kora, rabi su tare, kamar dai yadda ake yi a farautar gayya a nan, sai dai doka ta ce kada ƙungiyar ta wuce mutum 25. Ka tuna kuma barewar wannan lokaci ta riga ta sha harbi a makonnin baya, ta yi wayo. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, in ji Bahaushe, to wannan ta fi zomo.

In ta fito, ba ya harbi sai ta tsaya ko tana tafiya a hankali, ta ba shi gefe. Wurin da ake nema shi ne bayan kafaɗa, inda zuciya da huhu suke. In ta ba shi baya, ko reshe ya gitta, ko nisan ya yi yawa, maharbin kirki kan sauke bindiga ya bar ta ta wuce. Dalilinsa a fili yake: wanda ke da harsashi goma zai iya cewa in na kuskure zan ƙara, shi kuwa ya san in ya raunata ta, ta tafi ke nan ta mutu a ƙungurmi, ba ta amfani kowa ba.

Bayan harbi, hayaƙi fari kan rufe masa gani. Sai ya sake ɗuri, ya ɗan jira kamar rabin awa don kada ya tayar da dabbar da ta kwanta, sannan ya bi sawu da ɗigon jini a kan dusar ƙanƙara. In ya same ta, kafin ya ja ta ko taku ɗaya sai ya cike 'yar takardar shaida ya ɗaura mata, daga baya kuma ya kai rahoto ga hukuma. Namiji mai ƙaho ɗaya tak ake yarda mutum ya kashe a shekara. Mace kuwa kowace ɗaya da takardarta. Naman na ci ne da kyauta, sayar da shi laifi ne. Da yawansu ranar kan ƙare ba su harba ko sau ɗaya ba, su koma gida suna murna an wuni a daji.

Yadda ta kusa ƙarewa, da yadda ta dawo

Kada ka ɗauka haka suka tashi suka tarar. Su ma sun taɓa cinye dajinsu. Tun zamanin doguwar bindigar nan fatar barewa haja ce babba da ake lodawa zuwa Turai, har ana cewa sunan da Amurkawa ke kiran dala da shi a bakin kasuwa daga sunan namijin barewa ya samo asali. Da jirgin ƙasa ya zo, sai nama ma ya zama haja. Maharban kasuwa suka riƙa kashewa ba lissafi suna aikawa birane, masu katako suka share dazuzzuka. Kafin 1900, a yawancin Fensilbaniya mutum kan yi shekara bai ga sawun barewa ba. Wata kurciyar daji da garkenta kan rufe rana a ƙasar ma haka aka yi mata, ta ƙarshe ta mutu a gidan namun daji a 1914.

Ga matakan da suka ɗauka. A 1895 jihar ta kafa hukumar kula da namun daji. Aka hana farautar barewa da karnuka, aka hana yi mata tarko da gishiri. A 1900 gwamnatin tarayya ta yi dokar da ake kira Lacey, wadda ta haramta tsallaka iyakar jiha da naman da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba. Alhaji ɗan kasuwa, lura da wannan: ba daji kawai suka tsare ba, hanyar kasuwa suka toshe. A 1906 suka fara sayo barewa daga jihar Mishigan suna saki. A 1907 aka hana kashe mata gaba ɗaya, sai maza. A 1913 aka ɗora wa kowane maharbi ɗan jiha takardar izini ta dala ɗaya, kuɗin kuma aka zuba su a aikin daji. A 1937 aka yi dokar tarayya da ta sa harajin da ake karɓa a kan bindigogi da harsasai ya riƙa komawa ga kula da namun daji.

Kai da kake kiwo ka fi kowa gane hikimar 1907. Garke da mata yake yaɗuwa. Sa ɗaya ya ishi shanu da yawa. Cikin shekara 20 barewa ta yi yawan da har ta fara cinye gonaki da ƙananan itatuwa, tana mutuwa da yunwa a lokacin sanyi, sai da aka buɗe harbin mata a faɗin jihar a 1928. Nan ma darasin kiwo ne: makiyaya tana da iyakar bakin da za ta iya ɗauka. A 'yan shekarun nan maharban jihar kan kashe barewa sama da 400,000 a shekara, kuma ba ta ƙare ba, don ana ƙirga abin da aka cire, ana daidaita yawan takardu da shi. Filayen farauta da hukumar ta mallaka sun haura hekta 600,000, galibi da kuɗin maharba aka saye su.

Ka ga ashe komawarsu ga bindigar ƙyastu ado ne da aka ɗora a kan ginin da ya riga ya tsaya. Sai da dabba ta wadata, sannan mutum ya sami sararin cewa bari in wahalar da kaina in ba ta dama.

Waiwaye gida

Tambayi duk wani dattijo a rugarku ko a zangonku irin naman da yake gani a hanyar mashaya yana yaro: barewa, gada, gwanki, jimina. Tambaye shi yaushe rabonsa da su. Shekaru ɗaruruwa ana farauta a ƙasashen nan da baka da bindigar toka, dabbobin ba su ƙare ba, don makamin yana da iyaka, kuma maharba na da sarkinsu da lokacinsu. Abin da ya canza lissafi shi ne mota mai bin rairayi, da bindiga mai aman wuta, da fitilar dare, ga fari, ga gonaki sun cinye daji.

Dubi mariri, farin naman nan mai dogon ƙaho da ya taɓa cika sahel daga Nijar zuwa Cadi. A shekarar 2000 aka bayyana cewa babu sauransa a daji ko'ina a duniya. Sai a 2016 aka fara dawo da shi Cadi, a gandun Wadi Rime da Wadi Ashim, daga waɗanda aka kiwata a ƙasashen waje, kuma ya hayayyafa har aka sassauta matsayinsa a 2023. Wannan ya nuna abu biyu: dabba tana ƙarewa ƙurmus, kuma in an ba ta fili da tsaro tana dawowa. Gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, da Yankari a Bauci, da gandun W da ya ratsa Nijar da Benin da Burkina Faso, duk irin wannan ajiya ce.

Kuma asarar ba ta maharba kaɗai ba ce. Wutar da ake cinna wa daji don a koro nama, ciyawar shanunka take cinyewa. Mai harbin dare da ke auna duk ƙwayar idon da ta haska a fitila, ba ya bambance gada da ɗan maraƙi, wani lokaci ma da yaron da ke bin garke.

In akwai ta a gidanka

Da yawan masu saurarenmu suna da irin wannan bindiga rataye a ɗaki. Ƙa'idojin da ake koya wa maharban can sun dace da ita, don halin albarushi ɗaya ne a ko'ina.

In ka ja kunama ba ta tashi ba, kada ka leƙa bakinta, kada ka juya ta wajen mutane. Riƙe ta tana kallon wurin da ba kowa, aƙalla minti ɗaya, don wuta kan yi kwanto a ciki ta tashi daga baya.

Kada ka tsiyaya albarushi kai tsaye daga ƙaho ko kwalba zuwa cikin bututu. In akwai sauran garwashi a ciki, abin da ke hannunka gaba ɗaya zai tashi. Auna a ma'auni tukuna, kuma kau da fuskarka da yatsunka daga saitin bakin.

Kada ka kuskura ka fasa harsashin zamani ka juye garinsa a bindigar toka. Ƙarfinsa ya ninka na albarushi nesa ba kusa ba, bututu zai tarwatse a hannunka. Balle wadda aka ƙera da bututun ruwa, wadda ko albarushin ma da ƙyar take ɗauka.

Yi wa sandar ɗuri alama a inda take tsayawa in bindiga ba komai ciki. Da haka za ka gane ko a ɗure take, kada ka yi ɗuri a kan ɗuri. Kuma tabbatar dalma ta zauna a kan albarushi, don in aka bar sarari a tsakaninsu bututu na iya kumbura ko ya fashe.

Wanke ta bayan harbi. Dattin albarushi yana jan laima, tsatsa ta ci ƙarfe ta ciki inda ido ba ya gani. Kada ka rataye ta a ɗure inda yara ke wasa, kada ka hau babur ko raƙumi da ita a ɗure. Dalma kuma guba ce: kada a narka ta a ɗaki ko a tukunyar abinci, a yanke naman da ke kewaye da raunin a zubar. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010 ba ya buƙatar dogon bayani.

Sai maganar iyaka, wadda ta fi shafarka. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta ambaci bindigar ɗuri a cikin makaman da hukuma ke sa wa ido, kuma wurin 'yan sanda ake neman izininta. Nijar tana da dokar farauta da kare namun daji ta 1998, wadda ta tanadi takardar izini da jerin dabbobin da ba a taɓawa. Takardar da ka yanka a ƙasa ɗaya ba ta aiki a ɗaya ƙasar. A halin tsaron da ake ciki kuwa, jandarma ko soja da ya tsinci bindiga a cikin kayanka ba zai tsaya tambayar ko ta kakanka ce ba. Haka kuma wanda ya ba ka saƙon fata, ƙaho, ƙwan jimina ko ɗan barewa mai rai ka tsallaka masa da shi, ya ɗora maka kayan da kan iya jawo duwan ko kwastan su ƙwace har halastacciyar hajarka. Tambayi ma'aikatan gandun daji na yankinku kafin ka ɗauka, tambaya ba ta cin kuɗi.

Maharbin Fensilbaniya da harsashinsa ɗaya yana samun nama ne don kakanninsa sun yarda su bar mace ta haihu, sun yarda a ƙirga, sun hana a kai naman kasuwa. Babu ɗaya a cikin ukun nan da ya gagari mutanen da suka iya raya garke a cikin fari. In an zauna hira a ruga ko a tasha, a tayar da zancen, a ji ta bakin sarkin baka da ardo. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba. A yi kiwo lafiya, a ci kasuwa lafiya.